Ƙafar Da Aka Ce Ta Huta

Ana sallame Asuba a masallacin unguwa wayar Lubabatu ta fara ƙara. Ta duba ta ga sunan Hamida. Sai da ta kusa tsinkewa sannan ta ɗaga.

"Kin tashi?"

"Na tashi."

"Kin fara tafiyar?"

"Ina kai."

Hamida ta yi shiru tana saurare, can ta ja tsaki.

"Ki ji tsoron Allah, Luba. Shekara ɗaya da rabi ina tafiya a gefenki, na san yadda kike numfashi in kina taku. Wannan numfashin na wadda ke kwance ne a katifa."

Lubabatu ba ta musa ba. Ta dubi ƙafarta ta dama da ke miƙe kamar taɓarya, ta shafa tabon ɗinkin da ke kan gwiwar.

"Na gaji, Hamida."

"Ni ma na gaji. Ga ni nan a Anka ina zagaya gidan kakata, kaji na kallona. Sahura tana Bukkuyum tana yi, ita da ko tsintsiya sai an yi faɗa take ɗauka. Ke da aka fara don ke, ke ce a kwance?"

"Gobe in sha Allahu."

"Jiya ma haka kika ce."

Ta kashe wayar ta kifa ta a filo. Kwana goma sha tara ke nan ba ta taka ƙofar gidansu ba.

Shekara biyu da suka wuce ne abin ya same ta. Ta je biki wajen dangin Inna a Zugu, suna dawowa mai babur ya ji harbi daga nesa, ya ruɗe ya kwasa da gudu, suka faɗa kwazazzabo. Aiki biyu aka yi wa gwiwar a Sakkwato. Ranar da za a sallame ta likita bai ɓoye mata komai ba. Ya ce nasa aikin ya ƙare, saura nata. Tafiya kullum, lanƙwasawa kullum. In ta bar gwiwar ta kwanta za ta sandare, in kuwa ta sandare ba lallai ta dawo ba.

Da ta koma jami'a sau uku tana barin tafiyar a wata ɗaya. Ciwo ne kamar ana soka mata ƙusa, ga sanyin safiya, ga karatu. Ita kaɗai da ba ta kai ko'ina ba.

Hamida da Sahura, abokan ɗakinta, su suka ja ta zuwa wajen 'yan ƙungiyar ɗaliban yankinsu masu zagaya filin wasa bayan Asuba. Su goma sha biyu ne, mata a gaba, maza can baya. Doka ɗaya gare su: ba a farawa sai kowa ya zo. In Lubabatu ta ja bargo ta rufe kai, ta san mutum goma sha ɗaya na tsaye cikin raɓa suna jiran ta. Kunyar mutane ce ta fara fitar da ita, ba son lafiya ba. Daga baya ƙafar da kanta take tashin ta.

Wanda ya kafa dokar shi ne Sa'idu, ɗan Abare, yana ajin ƙarshe a karatun gashin ƙashi. Ba shi da yawan magana. Bai taɓa ce mata sannu da tausayi ba, sai dai ya ce, "Jiya huɗu kika yi, yau biyar." Ta tsane shi wata biyu cur. Ranar da ta iya zaman tahiya a kan ƙafarta ba tare da ta miƙe ta gefe ba, Hamida ta kai masa labari, ya zauna a bakin fili ya rufe fuska da hula. Daga ranar ta daina tsanar sa.

Da aka ba da hutun damina ya turo manyansa gidansu a Gummi neman aurenta. Dalhatu ya riga su zuwa.

Dalhatu dillalin hatsi ne a kasuwar Gummi, yana da mota, yana da fara'a, kuma ya daɗe yana zuwa gaishe da Malam Gambo, mahaifinta. Wani ne ya ɗauki hoton bidiyon 'yan zagayen ya sa a waya, ya yi ta yawo har ya faɗo hannun Dalhatu. Shi kuwa ya kai wa Malam a zaure, wai don kada ya ji a bakin duniya.

Malam bai ɗaga murya ba ranar. Da ma ya ɗaga da ya fi mata sauƙi.

"Karatu na aike ki, ko ko zagaya fili maza na biye?"

"Baba, tafiya ce. Da hijabina har ƙasa. Likita ne ya ce..."

"Likita yac ce a tara maki samari? Wanga yaro da ka tara ɗiyan mutane da sassafe shina ƙidaya masu taku, ba shi da mata gidana. Na sallami mutanensa. Ke kuma ki zauna. Ƙafar da ta karye hutu take so. Mu da munka ga ɗori tun kan a haife ki mun san haka."

Ya yarda da abin da ya faɗa har zuciyarsa, wannan ne ya fi ƙona mata rai. A ganinsa jinya yake yi mata.

Ta gwada a tsakar gida. Taku goma sha huɗu ne daga bakin rijiya zuwa ɗakin girki. Ta je ta dawo, ta je ta dawo, Inna na tankaɗe tana bin ta da ido. Ba mai jiran ta, ba mai tsokanar ta, ba Sahura da ke haki tana cewa ita fa yau za ta mutu. Kwana huɗu ta yi ta bari. A mako na biyu ta koma sallah da ƙafa a miƙe. Ba ta faɗa wa kowa ba.

Da hantsin ranar da Hamida ta kira, bayan Malam ya tafi lambunsa na fadama, Sa'idu ya kira.

"Hamida ta ce kin daina."

"Hamida gidan rediyo ce."

"Zauna a bakin gado ki ja diddigen baya. Ina ya tsaya?"

"Ko gaisuwa babu?"

"Ina kwana. Ina ya tsaya?"

Ta ja. Ciwon ya harba har ƙugunta, ta cije leɓe. Diddigen bai ko kai ƙarƙashin gwiwar ba.

"Lafiya lau yake," ta ce.

"Lubabatu."

Yadda ya kira sunan ne ya karya ta. Hawayen da ta riƙe kwana goma sha tara suka ɓalle.

"An kori iyayenka daga ƙofar gidanmu kamar masu bara, an kulle ni kamar wadda ta yi abin kunya, kai kuma abin da ya dame ka diddige! Wai ni kake so ko ƙafata?"

"Duka. Amma ke in an hana ni yau, ina iya dawowa baɗi in sake roƙo. Gwiwar ba ta jiran baɗi."

"To ka zo ka fitar da ni mana, tunda kai ne mai ƙidaya."

"Kin san in na zo na ƙara ɓata lamarin." Muryarsa ta yi ƙasa. "Na kwana ina tunani. Ba ni kike buƙata a tafiyar nan ba, mutum kike buƙata. Ko wane ne. Wanda zai tsaya ya jira ki. Ki roƙi Inna."

"Inna? Inna da ko gidan suna sai Baba ya ce ta je?"

"To ki faɗa wa Baba gaskiya. Ki nuna masa ƙafar."

"In nuna masa ya ji tausayina? Na riga na yi masa bayani sau ɗaya, ya ce ƙarya nake don in gan ka. Ba zan sake ba. Ban yi laifi ba, ba zan yi roƙo ba."

"Wannan taurin kan naki shi ya kai ki zagaye bakwai. Ina tsoron shi zai gurgunta ki."

"Sai ka huta da ƙidaya."

Ta kashe. Ta yi kuka har kanta ya yi ciwo, sannan ta wanke fuska ta fita taya Inna tsince shinkafa.

Bayan La'asar aka yi sallama da ita a zaure. Dalhatu ne, cikin farar shadda, ƙamshinsa ya cika wurin. Ya ga yadda take jan ƙafar, ya yi saurin tura mata kujera.

"Sannu, gimbiya. Kin ga abin da nake faɗa? Sun wahalar da ke a banza. Wallahi a gidana ko buta ba za ki ɗauka ba. In unguwa ce ga mota, in kasuwa ce ga mota. Ƙafarki ba za ta taɓa ƙasa ba."

"Ashe gawa kake nema."

Ya yi dariya har da tafa hannu. "Bakin nan naki! Shi ya sa nake son 'yar boko."

"Malam Dalhatu, in tambaye ka. Da ka kai wa Baba hoton nan, ka kalle shi har ƙarshe?"

"Na kalla mana."

"Me ka gani?"

"Na ga matar da zan aura maza na bin ta a baya."

"Ni kuma da na kalla, na ga yarinyar da aka ce da sanda za ta ƙare tana tafiya ba sanda. Ka ga ba abu ɗaya muke gani ba."

Fara'arsa ta ragu kaɗan, amma bai fasa ba. Ya ce ran Juma'a baffansa Alhaji Ɗahiru zai zo da mutane su gaisa da Malam. Gaisuwa ce kawai, ya ce, amma ta san irin gaisuwar.

Da ya tafi Inna ta same ta a ɗaki.

"Ɗiyata, ki sassauta. Babanki bai ce dole ba. Cewa yay yi ki duba."

"Ya rufe ƙofa ɗaya ya bar ɗaya a buɗe, Inna. Mene ne sunan wannan?"

Inna ta zauna a bakin gado tana murza zoben hannunta. "Ni dai ran Juma'a kar ki ba mu kunya. Ki fito ki gaishe su yadda anka koya maki. Abin da na roƙe ki ke nan."

Lubabatu ta buɗe baki za ta faɗa mata, sai ta ga yadda idanun Inna suka faɗa, ta haɗiye.

Ran Juma'a an kwana ana ruwa, garin ya yi sanyi. Gwiwar ta tashi a kumbure. Bayan an sauko daga masallaci baƙi suka iso, dattawa huɗu, aka shimfiɗa musu darduma a ɗakin Malam. Aka kai fura da ruwa. Can aka aiko Lubabatu ta zo.

Ta sa hijabi mai ruwan toka. Ta dafa bango har ƙofar ɗakin, a nan ta saki, don ba ta son su ga tana dafawa. Ta cire takalmi ta yi sallama ta shiga.

A Gummi ba a gaishe da babba a tsaye. Yarinya tun tana shekara uku ake danna mata kafaɗa ta durƙusa, balle budurwa a gaban masu neman aurenta. Lubabatu ta san haka kamar yadda ta san sunanta. Ta sunkuyar da kai, ta fara sauka.

Ƙafar hagu ta lanƙwashe. Ta dama ta ƙi.

Ta sake gwadawa. Kamar an zuba siminti a cikin gwiwar. Ta miƙe, gumi na tsattsafo mata, ta rusuna iya yadda bayanta zai iya.

"Ina wuninku."

Ba wanda ya amsa. Alhaji Ɗahiru, dattijo mai jan rawani, ya dube ta daga sama har ƙasa, ya juya ga Malam.

"Malam Gambo, haka ake gaisuwa a jami'a?"

Na kusa da shi ya yi murmushi. "Ai an ce mana ɗiyar akwai ilimi. Ga shi kuwa mun gani."

Fuskar Malam ta canza. Tunda take ba ta taɓa ganin jijiyar goshinsa ta tashi haka ba.

"Lubabatu. Durƙusa."

"Baba..."

"Don an hana ki wancan yaro za ki tozarta ni gaban mutane? Durƙusa, na ce!"

Kalma uku za ta faɗa a wuce wurin. Ba na iyawa. Amma ta dubi fuskokin nan huɗu da suka riga suka yanke mata hukunci, ta ji ba za ta iya roƙon su uzuri ba. Tunda durƙuso suke so, za ta ba su.

Ta saki nauyinta gaba ɗaya a kan gwiwar.

Ƙarar da ta yi har zaure an ji ta. Ta kife a gefe, ta ture kwanon fura ya malale a darduma. Ƙafar ta miƙe sambal a gabansu, zanen ya ɗan ja sama, ga gwiwa a kumbure tana sheƙi, ga tabon ɗinki kamar kunama. Inna ta faɗo ɗakin ba ko mayafi, tana salati.

Malam ya miƙe tsaye.

"Tun yaushe?" ya ce da ƙyar.

Lubabatu ta ɗago, hawaye na zuba, amma muryarta ba ta rawa.

"Kwana goma ke nan a zaune nake sallah, Baba. Ka ce ta huta. To ta huta."

Alhaji Ɗahiru ya yi gyaran murya, ya ce ashe lalura ce, Allah ya sawwaƙe, ai da an faɗa. Suka tattara rigunansu daga furar da ke bin darduma. Wajen fita ta ji ɗayansu na tambaya ƙasa-ƙasa ko Dalhatu ya san abin ya kai haka.

Yammacin ranar Inna ta yi ta gasa mata gwiwar da ruwan zafi tana kuka. Malam bai shigo ba. Ta ji shi a zaure yana waya da wani ma'aikacin asibiti da suke sallah tare, yana ta cewa, "To. To. Ashe haka ne. To."

Washegari da ya dawo daga Asuba bai wuce ɗakinsa ba. Ya tsaya a ƙofarta da sandarsa da hular saƙi ta zuwa lambu.

"Kin yi sallah?"

"Na yi."

"An ce in ba a taka ta ba, sai an sake yanka. An ce ko yanzu ba a da tabbas." Bai dube ta ba, bangon yake kallo. "Kullum in na dawo masallaci za ki raka ni lambu, mu dawo. Ni zan jira ki. Ba mai cewa ɗiyata na yawo in tana bayana."

Ta fara laluben hijabi.

"Ban ƙare ba. Ki kawo wayar. Daga yau ba ke ba wanga yaro, ko a waya ko a saƙo. In kin yarda, ga hanya. In ba ki yarda ba, ki koma ki kwanta."

Inna da ke bakin murhu ta saki ludayi. "Malam, don Allah..."

"Ban sa da ke ba."

Lubabatu ta dubi wayar da ke kan filo. Duk wanda ya taɓa tsayawa cikin raɓa dominta yana cikinta. Ta dubi gwiwar. Ta dubi mahaifinta, tsoho mai taurin kai wanda bai iya cewa ya yi kuskure ba, ga shi tsaye da sanda yana jiran ta.

Ta gaji da kuka, ta gaji da gardama. Ta ɗauki wayar ta miƙa masa da hannu biyu. Ya zura ta a aljihu.

Daga ɗakinta zuwa zaure sai da ta tsaya sau biyu. Da ta sa ƙafa a waje iskar bayan ruwa ta buge ta, ƙasa a jiƙe, mata masu kai niƙa suka tsaya suna kallo. Kowane taku kamar ana tsaga mata ƙashi. Malam na gaba, bai waiwayo ba, amma ta lura ya rage saurinsa har ya zama kamar hawainiya.

Sun wuce masallaci, sun kai kan kwanar da ke gangarawa fadama, ta tsaya ta share gumi.

"Baba."

Ya tsaya, bai juyo ba.

"Waya na ba ka. Ban ba ka amsa ba."

Ya daɗe a tsaye, hannunsa a kan sandar. Wani mai babur ya rage gudu ya ce ko a ɗauki yarinyar, Malam ya ɗaga masa hannu ya wuce.

"Da saura nisa," ya ce. "Ɗago ƙafar."

Ta ɗago ta.